Ƙodar da ake rainonta a faranti: Inda masana suka kai da abin da ya rage

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ɗakin wankin ƙoda ya san nauyin abin: sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, ga kuɗin da albashi ba ya ɗauka. An ƙiyasta mutum miliyan 850 ne ke fama da ciwon ƙoda a duniya, amma magungunan da ke tsayar da shi ba su da yawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin abin gwaji mai kama da ƙodar ɗan Adam, domin an daɗe ana dogaro da ɓera, shi kuwa ɓera ba mutum ba ne.

Hanyar ta fara buɗewa a 2007, lokacin da Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar mutum zuwa ƙwayar asali, wadda za ta iya rikiɗewa ta zama kowane sashe na jiki. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2012. A 2015 kuma, ayarin Farfesa Melissa Little a Ostireliya da wasu masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka raini irin waɗannan ƙwayoyin har suka zama 'yar ƙoda mai faɗin 'yan milimita, wadda ake kira oganoyid. A cikinta akwai ƙananan matatun da ƙoda ke tace jini da su.

Sai dai 'yar ƙodar nan tana da naƙasu. Ba ta balaga, ta fi kama da ƙodar ɗan tayi a watannin farko na ciki, alhali yawancin masu ciwon manya ne. Ba ta da isassun hanyoyin jini, ita kuwa ƙoda aikinta ke nan: kowace ɗaya tana da matatu kusan miliyan guda, biyun suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini. Sannan a 2018 masana a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gano cewa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ƙwayoyinta ba na ƙoda ba ne, na tsoka ne da na ƙwaƙwalwa.

Gyaran waɗannan kurakurai shi ne aikin da ake yi yanzu. A Leiden ta Holan an dasa 'yar ƙodar a jikin ɓera, hanyoyin jini suka shige ta, ta ƙara girma. A 2019 masana a Harvard suka ɗora ta a wani ƙaramin allo da ruwa ke gudana a kansa, sai hanyoyin jininta suka yawaita. Ayarin Little kuwa ya koma amfani da na'urar ɗab'i mai ɗiga ƙwayoyin rai, don a riƙa samun ɗaruruwa masu girma ɗaya da za a gwada magani a kansu.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gado mai suna APOL1 suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Sauye-sauyen sun fi yawa a Afirka ta Yamma, domin suna ba da kariya daga ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2024 a kan 'yan Najeriya da Ghana ya tabbatar da haɗarin. Ɓera ba shi da APOL1 ko kaɗan, don haka 'yar ƙodar da aka raina daga ƙwayoyin mutum tana cikin hanyoyin da suka fi dacewa a bi diddigin ɓarnar da yake yi.

Kada mai ciwo ya sa rai za a dasa masa irin wannan ƙoda nan kusa. Amfaninta a yau bincike ne da gwajin magani. Amma tun 2022 dokar Amurka ta daina tilasta gwada kowane sabon magani a kan dabbobi, abin da ya ƙara wa wannan hanya daraja. Tambayar da ke gaban masu tsara kasafin lafiya da na bincike a Abuja ita ce ƙwayoyin waɗanne mutane za a riƙa raino. Idan babu namu a cikin faranti, a jikin wasu za a auna maganin da za a kawo mana.