Sarƙar jigilar kaya a cikin wasan OpenTTD: abin da take koyarwa da inda ta tsaya

Gabatarwa

Mai koyar da tattalin arzikin sufuri yana da wata matsala da ba ta ƙarewa: ba shi da ɗakin gwaji. Ba zai iya rufe hanya ko rage jirage don ya nuna wa ɗalibai abin da zai biyo baya ba. Wasannin kwamfuta masu kwatanta sufuri sun ɗan cike wannan giɓi. A cikin wannan ƙasida za mu dubi ɗaya daga cikinsu, watau OpenTTD, mu bayyana yadda sarƙar jigila take aiki a ciki. Abin da muke son nunawa shi ne, ribar sarƙa ta rataya a kan daidaita lokaci tsakanin gaɓoɓinta fiye da girman jirage. Daga bisani za mu faɗi wuraren da wasan ya saɓa wa zahiri.

1. Asalin wasan

Chris Sawyer, mutumin Sikotilan, shi ya rubuta Transport Tycoon, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a 1994, sa'an nan Transport Tycoon Deluxe ya biyo a 1995. A 2004 Ludvig Strigeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da OpenTTD, wanda ya sake gina wasan da rubutu buɗaɗɗe da kowa zai iya dubawa ya gyara. Fitowa ta 1.0 ta zo a 2010, kuma tun daga nan ana iya yin wasan ba tare da an mallaki na asali ba. Kyauta ne, yana da fassarar Faransanci.

Mai wasa shugaban kamfanin sufuri ne. Da bashin banki yake farawa. Taswirar ƙasa a rabe take gurbi-gurbi kamar dara, da garuruwa da ma'aikatu warwatse a kanta. Aikinsa ya shimfiɗa layin dogo da hanyoyi, ya gina tashoshi, ya sayi jiragen ƙasa, kamiyoyi, jiragen ruwa da na sama. Ba ya sayen kaya, ba ya sayarwa. Kuɗin dako kaɗai ake biyan shi.

2. Gaɓoɓin sarƙa

Ma'aikatun wasan iri biyu ne. Na farko suna fitar da ɗanyen kaya da kansu kowane wata: mahaƙar kwal, mahaƙar tama, daji, gona, rijiyar mai. Na biyu ba sa fitar da komi sai an kawo musu. A taswirar ƙasa mai matsakaicin yanayi, sarƙoƙin su ne:

a) kwal zuwa gidan wuta, inda zancen ya ƙare;
b) itace zuwa ma'aikatar tsaga katako, haja ta fito;
c) ɗanyen mai zuwa matata, haja ta fito;
d) tama zuwa ma'aikatar narka ƙarfe, ƙarfe zuwa masana'anta, haja ta fito;
e) hatsi da dabbobi daga gona zuwa wannan masana'anta dai.

Haja kuwa gari ake kai ta, amma ba kowane gari ba. Kowane gini yana karɓar haja da wani kaso bisa takwas, kuma sai jimillar gine-ginen da ke kewayen tasha ta cika takwas bisa takwas kamin tashar ta karɓa. Kewayen tashar jirgin ƙasa gurbi 4 ne ta kowane gefe. Wanda ya gina tasha a bakin ƙauye zai ga jirginsa ya koma da kayansa.

Sarƙa ta huɗu ita ce mafi tsawo: dako uku, biya uku, daga tama ɗaya. Ita ce kuma mafi rauni. In jirgin tama ya tsaya, ƙarfe ya tsaya, haja ta tsaya, jirage na gaba suna zaune a tasha suna cin kuɗin gyara ba tare da shigo da ko dala ba.

3. Darajar tasha

Nan ne zuciyar al'amarin. Mahaƙa ba ta miƙa wa tasha dukan abin da ta fitar. Kowace tasha tana da daraja, daga sifili zuwa 100 bisa 100, ga kowane irin kaya, kuma gwargwadon darajar nan ake ba ta. Abubuwan da ake aunawa su ne: kwanakin da suka wuce tun zuwan abin hawa na ƙarshe, yawan kayan da ke jibge, gudun abin hawan da shekarunsa. Na farkon ya fi kowanne nauyi. Tashar da jirgi ya ziyarta cikin mako guda tana samun kusan rabin darajar daga wannan fanni kaɗai. In an haura kwana 52 ba ta samun komi daga gare shi. In kuma daraja ta faɗi ƙasa da rabi, kayan da ke jira sukan soma salwanta.

Bari mu ɗauki misali na lissafi. A ce mahaƙa tana fitar da ton 120 na kwal a wata, darajar tasha 70 bisa 100. Tasha za ta samu ton 84 a wata. A ce zuwa gidan wuta da dawowa kwana 60 ne, watau ton 168 ke taruwa tsakanin zuwa da zuwa. Taragon kwal yana ɗaukar ton 30. A takarda, jirgi ɗaya mai tarago 6 ya isa, tunda ton 180 yake ɗauka. Amma tashar za ta yi kusan wata biyu ba jirgi, daraja ta zube, ton 84 ɗin nan ya ragu, jirgin ya dawo bai samu cikonsa ba. In aka raba taragun gida biyu, jirgi biyu masu tarago 3, aka ba kowanne umarnin kada ya tashi sai ya cika, tazarar za ta ragu da rabi, kuma muddin jirgi yana tsaye yana lodi ba a ƙidaya wa tasha kwanakin jira. Kuɗin da aka ƙara na kan jirgi ɗaya ne kawai.

Akwai kuma sakamako na dogon lokaci. Mahaƙar da ake kwashe fiye da 60 bisa 100 na kayanta ta fi kusa da ƙara fitarwa, wadda aka yi sakaci da ita ta fi kusa da raguwa, har ta kai ga rufewa. Ke nan kyakkyawan dako yana haifar da ƙarin kaya, ƙarin kaya ya nemi ƙarin jirage.

4. Cunkoso da juyen kaya

Da jirage sun yawaita sai matsala ta ƙaura daga mahaƙa zuwa layi. Masana'anta ɗaya tana iya karɓar ƙarfe, hatsi da dabbobi daga wurare goma. In jiragen sauke kaya da na ɗaukar haja suna tarayya a dandamali ɗaya, na haja za su mamaye shi suna jiran cika, na ƙarfe su tsaya a waje da abin da za a yi hajar da shi, kowa yana jiran kowa. Maganin da gogaggun ƴan wasa suka sani shi ne raba tashar sauke da tashar ɗauka, da barin wurin jira mai tsawon jirgi kamin mahaɗa. Fitilun da ke keɓe wa kowane jirgi hanyarsa, waɗanda aka shigo da su a 2009, sun sauƙaƙa aikin mahaɗa, amma ba su ƙara faɗin layi ba. Abin da sarƙa za ta iya ɗauka shi ne abin da wuri mafi ƙunci a cikinta zai iya wucewa da shi.

Wasan ya kuma yarda da juyen kaya, abin da ake kira rupture de charge da Faransanci. Kamiyo ya kwaso daga ƙaramar gona ya zuba a tashar jirgi, jirgi ya ƙarasa. Kuɗi na gaske ba ya shiga sai kaya sun kai masauƙinsu na ƙarshe. Abin da ake rubuta wa kamiyon kaso ne na lissafi. Wannan darasi ne mai kyau a kan yadda ake raba riba tsakanin gaɓoɓi.

5. Inda kwatancen ya tsaya

Kuɗin dako a wasan ya dogara ga abu uku: yawan kaya, nisa tsakanin tashar ɗauka da ta saukewa, da kwanakin tafiya. Kwal ba ya rage daraja da sauri, fasinja da haja suna ragewa. Sai dai wannan doka tana da aibi: nisa shi ke biya. Mai wayo zai tsallake gidan wuta na kusa ya kai kwal ƙarshen taswira. A zahiri akasin haka ake yi. Kamfanin SONICHAR ya gina gidan wutarsa a bakin mahaƙar Anu Araren kusa da Cirozerin, wutar ce ke tafiya ta waya.

Na biyu, ma'aikata a wasan ba ta ƙoshi. Ko nawa aka kawo za ta karɓa, farashi bai motsa ba. Masana'anta kuma tana yin haja da ƙarfe kaɗai ko hatsi kaɗai. Ƙarin tsare-tsaren da ƴan wasa suka rubuta, kamar FIRS, sun gyara wani ɓangare na wannan, haka nan tsarin da aka shigo da shi a 2014 wanda ke ba kaya masauƙi takamaimai.

Na uku, babu iyakar ƙasa, babu duwan, babu shingen hanya. Juyen kaya a wasan ba ya cin komi sai ɗan jira. Ɗalibin da ya san tarihin hanyar Kwatano, inda a da jirgin OCBN ke kai kaya Paraku, kilomita 438, a juye su cikin kamiyoyi zuwa Gaya da Yamai, ya san cewa a wurin juye ne ake asarar kwanaki da kaya. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya nuna cewa shawarar siyasa ɗaya tana iya tsinka sarƙar da lissafinta ya daidaita.

Kammalawa

OpenTTD ya ƙware wajen nuna abin da ke da wuyar zanawa a allo: tazarar zuwa, jira, cunkoso, da yadda tsaikon gaɓa ɗaya ke bin sauran. Ba ya koyar da farashi, ko bukata, ko iyaka. Shawararmu ga malamai ita ce a ba ɗalibai taswira ɗaya da jari ɗaya, kowane rukuni ya gina sarƙar tama har zuwa gari, ya rubuta darajar tashoshinsa wata-wata na tsawon shekara biyar ta wasan. Bayan an gwama sakamako, a nemi kowane rukuni ya lissafa abubuwan da zai ƙara a dokokin wasan in ana son ya kwatanta ƙasar da ba ta da gaɓar teku.