Yadda Manyan Kamfanoni Ke Ɗaukar Sababbin Masu Digiri

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, samun mai digiri a gidajen Dutsin-Ma da Kurfi ya daina zama labari. Abin da ke damuna shi ne, yawancin ƙannenmu da sun gama bautar ƙasa sai su naɗe hannu suna jiran aikin gwamnati, ko wani babba ya yi musu hanya. Alhali manyan kamfanoni irin su Dangote, da bankunan Access da UBA da First Bank, sukan buɗe ƙofa ga waɗanda ba su taɓa aiki ba, su horar da su da kuɗin kamfani, sannan su ba su kujera. NNPC ma ya yi irin wannan ɗauka a 2024.

Ana fara neman ne da cike fom a shafin kamfanin na intanet, kuma kafin idon mutum ya ga sunanka kwamfuta ta riga ta tace. Galibi ana son sakamakon 2:1, wasu na karɓar 2:2, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da takardar bautar ƙasa, da shekarun da ba su wuce 26 ko 27 ba. Wannan sharaɗi na shekaru yana ci min rai. Yaron da ya shiga boko a makare, yajin aikin ASUU ya cinye masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ina laifinsa? Amma kwamfuta ba ta jin uzuri, don haka wanda ya karɓi takardarsa yau kada ya bari sai baɗi. A kuma duba suna da kyau. In akwai "Kurfi" a ƙarshen sunanka a kwalin digiri amma babu shi a katin NIN, ko ranar haihuwa ta saɓa, je ka gyara tun kafin a tambaye ka.

Wanda ya tsallake sai a aiko masa da saƙon imel na jarrabawa: lissafi, fahimtar Turanci da wasa ƙwaƙwalwa. Tambayoyin ba su fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba, lokacin ne ƙanƙane. Na taɓa zama kusa da wani ƙanena a shagon intanet a Dutsin-Ma yana rubuta irin wannan. Kyamara na kallonsa, agogo na tafiya a saman allo, janareta na ruri a bakin ƙofa, sai sabis ya ɗauke. Kafin ya dawo minti huɗu sun tafi, ya bar tambaya goma bai taɓa ba. Mu da aka rufe wa layukan waya a 2021 saboda matsalar tsaro mun san sabis ba abin dogaro ba ne. Don haka wanda ke da hali ya kwana a Katsina ranar jajibirin jarrabawar, bayan ya yi makonni yana gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa.

Daga nan wasu kamfanoni kan tara 'yan takara rukuni-rukuni, a ba su wata matsala su tattauna, ma'aikata na gefe suna rubutu. A nan ne tarbiyyarmu ke bukatar gyaran zama. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya da barin wani ya fara magana, su kuwa masu ba da maki suna ɗaukar shiru a matsayin rashin sani. Ladabi bai hana ka ɗaga kai ka faɗi hujjarka a fili ba. Haka abin yake a intabiyu, inda za a tambaye ka me ka sani game da kamfanin, kuma wace matsala ka taɓa warwarewa da kanka.

Sai gwajin lafiya, sai makarantar horo ta wasu watanni, sau da yawa a Legas, inda wanda ya faɗi jarrabawa ke komawa gida. Bayan haka ana iya tura mutum kowace jiha, shi ya sa ya kamata a yi shawara da iyaye tun farko, musamman 'yan mata.

Ban ce babu alfarma a ƙasar nan ba. Amma wanda bai cike fom ba, ba shi da bakin cewa an hana shi. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne, domin kamfanin gaske ba ya karɓar ko sisi a kan neman aiki. Iyaye da yayye, ku taimaka wa yaran nan da kuɗin data da na mota, ku matsa musu su nema.