Ruwan Ƙanƙara Kafin Motar Asibiti

Duk shekara idan bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, gardamar nan sai ta dawo a filayen ƙwallo da sansanonin horo. Matashi ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar atisaye, jikinsa rau da zafi, yana sambatu. Kafin a ankara wani babba a wurin ya daka tsawa: kada wanda ya kuskura ya zuba masa ruwan sanyi, jininsa zai daskare, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Sai a ja shi inuwa ana yi masa fifita da kwali, wani ya ruga kemis neman farasitamol, wani ya nufi bakin titi taran a-daidaita-sahu. Masu wannan gargaɗi da kyakkyawar niyya suke yinsa, amma abin da suke hanawa shi ne maganin da ya fi kowane ceton rai.

Bugun zafi na motsa jiki ya sha bamban da wanda ke kama tsofaffi da jarirai a ɗakunan kwano. Wannan ƙarfafa yake kayarwa, masu ji da lafiya, domin zafin daga cikin jiki yake tasowa. Tsoka idan tana aiki, mafi yawan ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama. In rana ta ƙwalle, gumi ya kasa fitar da shi, sai ma'aunin cikin jiki ya tashi daga digiri 37 ya haura 40. Ƙwaƙwalwa ce ke fara nuna alama: tangaɗi, ruɗewa, faɗa ba dalili, kasa gane abokai, jijjiga, suma. A nan wasu ke cewa iska ce ta buge shi. Wasu kuma su taɓa shi su ji gumi sharkaf, su ce ai mai bugun zafi ba ya gumi. Yana yi. Ɗan wasan da ya faɗi a fili yawanci jiƙe yake da gumi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ɓarnar ba daga tsananin zafin kaɗai take ba, daga daɗewarsa take. Mai dafa ƙwai ta san sauke tukunya daga murhu ba ya tsayar da dahuwa. Muddin ƙwan na cikin ruwan zafi yana ci gaba da nuna, shi ya sa take tsamo shi ta jefa cikin ruwan sanyi. Ta kuma san wanda ya riga ya dahu ba ya komawa ɗanye. Haka hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa suke. Ɗauke yaro daga rana kamar sauke tukunya ne kawai, cikinsa na nan yana dahuwa. Likitocin wasanni sun yi ittifaƙi cewa in aka sauko da zafin ƙasa da digiri 39 cikin minti 30 da faɗuwa, da wuya a rasa mutum. Kowane minti bayan haka ƙarin lahani ne.

Ba hasashe ba ne. A garin Falmouth na jihar Massachusetts a Amurka ana gudun kimanin kilomita 11 duk watan Agusta, kuma a ƙarshen hanya ana jera bahunan ruwan ƙanƙara. Masu bincike sun bi bayanan shekara 18, suka samu mutum 274 da bugun zafi ya kayar, aka tsoma su a ruwan nan take. Ko ɗaya bai mutu ba. A ɗaya gefen akwai Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Minnesota Vikings, wanda ya rasu ranar 1 ga Agusta 2001 yana da shekara 27, zafin jikinsa ya haura digiri 42. Cibiyar da aka buɗe da sunansa a Jami'ar Connecticut a 2010 ta yi fice wajen yaɗa ƙa'idar nan: a fara sanyaya shi, sannan a ɗauke shi. Duk da haka a 2018 Jordan McNair, ɗalibi mai shekara 19 a Jami'ar Maryland, ya faɗi a atisaye, ba a auna zafinsa ba, ba a tsoma shi a ruwa ba. Har dashen hanta aka yi masa, ya rasu bayan mako biyu.

To ina tsoron daskarewar jini ya samo asali? Gaskiya ne mai lafiya idan ya faɗa ruwan ƙanƙara jijiyoyin fatarsa na tsukewa, yana kuma karkarwa. Amma jikin da ya kai digiri 41 bai damu da wannan ba, kuma ruwa na janye zafi fiye da iska ninki sama da ashirin. Fifita da kwali kusan ɓata lokaci ne. Farasitamol kuwa na zazzaɓi ne, ba ya taɓa wannan zafin, yana ma iya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi.

Babu baho? Tamfol ya isa. A kwantar da shi a kai, mutum huɗu ko shida su ɗaga gefuna, a tuttula ruwa da ƙanƙara, a riƙa girgiza tamfol ɗin don ruwan ya yi ta zagayawa. Mutum ɗaya ya riƙe shi ta hammata, kansa a sama, kada ya shaƙi ruwa. In ba ƙanƙara, ruwan randa ko na rijiya ma a yi ta kwarara masa a duk jiki ba ƙaƙƙautawa, bayan an cire masa riga da takalma. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Ma'aunin hammata ko na goshi yaudara yake yi a wannan hali, na dubura ne kaɗai abin dogaro. Inda babu shi, a ci gaba da sanyayawa kamar minti 15, ko har ya fara karkarwa, sannan a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin ciwon ƙoda da hanta kan bayyana daga baya. Wanda numfashinsa ya tsaya kuwa lamarinsa daban ne, danna ƙirji yake bukata.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu shirya gasa ke ɗaukar lamarin. A Doha a 2019 sai tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata don gudun zafi, amma cikin 68 da suka tashi 28 ba su kai ƙarshe ba. An ɗauke gudun fanfalakin Olamfik na Tokyo zuwa Sapporo saboda wannan dalili. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Zinder, inda haura digiri 40 a Afrilu ba wani labari ba ne, za ka ga an sa wasa da ƙarfe uku na rana, wani lokaci yaran na azumi. Akwai kuɗin rumfar manyan baƙi, da kofi, da makaɗa, amma babu na tamfol ɗaya da ƙanƙara daga masu sayarwa a bakin kasuwa. Duk hukumar wasanni, makaranta ko sansanin horo da za ta sa matasa gudu a bazara, ya kamata a wajabta mata tanadar ruwa da ƙanƙara a gefen fili, da mutum ɗaya da aka koya wa aikin, kafin alƙalin wasa ya busa usur.