Faɗin Birnin Kano da Tsadar Zama Cikinsa

A kowace shekara, da zarar an gama kaka an kai amfanin gona rumbu, matasa daga Fassi da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano sukan kama hanyar Kano domin cin rani. Wasu sukan koma gida da faɗuwar ruwan farko, wasu kuwa sukan zauna har su ɗauko iyali. Abin da ke jan su a fili yake. A birni ne ake samun kuɗi a hannu kullum, can ne Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Dawanau suke, can ne kuma Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero. Amma waɗanda suka zauna sukan yi kukan abu guda, wato samun birni ya fi na gida yawa, sai dai ba ya auki. Masana ilimin tsara birane suna danganta babban ɓangare na wannan matsala da yanayin girman birnin, domin Kano a kwance take girma, tana malala gabas da yamma, kudu da arewa, kuma nisan da wannan ya haifar kuɗi ne da wani zai biya.

Lokacin da Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya kiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000, ya kuma lura cewa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, unguwanni irin su Sabon Gari da Nasarawa suka tsiro a wajen ganuwa. Ƙidayar 1963 ta ba birnin kusan mutum 300,000. Zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, suna ɗauke da mutum kusan miliyan 2.8. An yi yunƙurin sa wa wannan girma linzami. Wani masani mai suna Trevallion ya zana wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma jama'a sun fi tsarin sauri. Unguwanni da yawa na bayan gari sun samu ne ta hanyar da ake kira awon igiya, inda mai gona yakan yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar, ba tare da an ware wurin titi ko magudanar ruwa ko makaranta ba.

A nan akwai ɗan lissafi da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi a allo. A ɗauka gari da'ira ne, kuma daga tsakiyarsa zuwa bakinsa kilomita 3 ne. Faɗinsa zai kama kimanin murabba'in kilomita 28. Idan bakin garin ya matsa zuwa kilomita 12, nisan ya ninka sau huɗu ke nan, amma faɗin ƙasar ya ninka sau goma sha shida, ya kai kimanin murabba'in kilomita 452. Duk wannan fili yana bukatar bututun ruwa da wayar lantarki da kwalta da motar kwashe shara. Haka kuma, idan aka baza gidaje ɗari a filin da ya ninka na da sau huɗu, tazarar da ke tsakanin gida da gida ta ninka sau biyu, saboda haka tsawon bututun da kowane gida zai ci shi ma ya ninka sau biyu. Harajin da hukuma ke tarawa bai cika girma da irin wannan sauri ba. Ke nan sabuwar unguwa takan daɗe tana jiran famfo da titi.

Farkon inda mazaunin birni ke jin nisa a jikinsa shi ne wajen zirga-zirga. A 1994 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya, Cesare Marchetti, ya yi nuni da cewa tun zamanin da har zuwa yau, mutane a ko'ina sukan ɓatar da kimanin sa'a guda a rana wajen zuwa aiki da dawowa. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 5 a sa'a, shi ya sa tsofaffin birane ba su cika wuce abin da ƙafa za ta iya ratsawa ba. Tsohuwar Kano ta dace da wannan ƙa'ida, domin maƙeri ko marini yakan fita daga gidansa ya isa Kasuwar Kurmi da ƙafa, ya dawo bai biya ko anini ba. Ɗan cin ranin da ya fito daga Fassi a yau ba zai iya kama ɗaki kusa da kasuwa ba, saboda haya a can ta fi ƙarfinsa. Sai ya nufi bayan gari, irin su Rimin Kebe ko Bachirawa ko Gaida ko bayan Mariri, inda ɗaki ke da sauƙi. Abin da ya rage a kuɗin haya sai ya mayar da shi a kuɗin mota, sau da yawa hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa.

Ga shi kuma abin hawan ƙanana ne. Babur mai ƙafa uku da ake kira Adaidaita Sahu ya shigo a 2005, ya kuma mamaye tituna bayan da aka hana acaɓa a Janairun 2013 saboda dalilan tsaro. Abin hawa mai ɗaukar mutum uku ko huɗu yana ƙona mai da yawa a kan kowane fasinja idan aka gwada shi da babbar bas, yana kuma ƙara cunkoso da hayaƙi. Da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya fi kowa nisa da wurin sana'arsa shi ya fi kowa shan wuya, kuma galibi shi ne mafi ƙarancin samu. Gadojin sama da aka gina a Ƙofar Nasarawa da Dangi sun sassauta cunkoso a mahaɗar hanyoyi, amma ba su rage wa kowa ko taku ɗaya na tafiyarsa ba.

Batun ruwa ya fi na mota nauyi, kuma ya shafi mutanen kudancin jihar kai tsaye. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano ba nisa da Rano, ita ke sakin ruwan da ke gangarowa zuwa matatar Tamburawa, wadda matafiyi daga Rano ke wucewa ta kusa da ita a kan hanyar Zariya. Akwai kuma tsohuwar matatar Challawa da aka fara tun farkon shekarun 1930. Duk da haka, unguwanni da dama ba su taɓa ganin bututun hukuma ba. Sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mutum na bukatar aƙalla lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum goma zai bukaci lita 500, wato jarka 20 mai cin lita 25, kuma kowace jarka sai an biya. Ta haka talakan bayan gari yakan sayi litar ruwa da tsada fiye da mai hali da famfo ke zuba a gidansa. Burtsatse ma tana da iyaka, domin mafi yawan birnin yana zaune ne a kan daskararren dutse, irin wanda ya ɓullo sarari ya zama duwatsun Rano. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma ɓangaren samansa da ya ruɓe. In maƙwabta goma suka haƙa a lungu guda, daga ƙwarya ɗaya suke sha, kuma da bazara sai ta ƙafe.

Abin mamaki, garin da ke ƙishi da rani shi ne ke ambaliya da damina. Kududdufan da aka haƙa a da domin ɗibar ƙasar gini su ne suke tare ruwan sama, suna barinsa ya tsuma cikin ƙasa a hankali. Da filaye suka yi daraja sai aka riƙa cike su ana gini a kai. Siminti da kwalta da kwanon rufi ba sa shan ruwa, sai su tura shi kwararo. Su ne kuma ke tara zafin rana su sake shi da dare, abin da ya sa tsakiyar birni ke fin ƙauyukan da ke kewaye da shi zafi, musamman a watan Afrilu lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Duk wanda ya kwana a soron ƙasa mai rufin azara, ya kuma kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, ya san bambancin ba sai an auna masa ba.

Akwai wata asara da ba a cika lissafa ta ba. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda manoma ke nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta gaji ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna sukan shigo birni da itace da hatsi, su fita da toka da shara da kashin dabbobi zuwa gonaki. Ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa wannan hidima ita ce mafi kusa da ganuwa, ita ce kuma ta fara zama fuloti. Gero da dawa da kayan miyan da birnin ke ci sai an ɗauko su daga nesa, daga wurare irin su Kura da Bunkure da Rano da ma jihohin maƙwabta, kuma kuɗin motar da ta ɗauko su yana cikin farashin kowane kwano. Saurayin da ya bar gonar mahaifinsa a Fassi yana iya sayen dawar da aka noma a ƙasarsu a Rimin Kebe, bayan ta bi ta hannun dillali da direba da mai awo, a farashin da mahaifin nasa bai taɓa karɓa ba.