Shiga Gida Ba Sallama

A Amurka, in an ji maƙwabci shiru, akan kira 'yan sanda su duba lafiyarsa. Amma mutane da yawa can suna ajiye bindiga a gida. Mai gida yakan zaci ɓarawo ne, ɗan sanda kuwa in ya ga bindiga sai tsoro ya kama shi.

Haka ya faru a Fort Worth, jihar Texas, a 2019. Wani ya ga ƙofar maƙwabta buɗe da tsakar dare, ya yi waya. Ɗan sanda ya zagaya bayan gida, bai faɗi ko wane ne shi ba. Matar da ke ciki ta ji motsi, ta ɗauki bindiga, ta nufi taga. Ya harbe ta, ta mutu. A 2022 kotu ta ɗaure shi.

'Yan'uwa, in za ku duba maƙwabci da dare, ku yi sallama daga nesa, ku faɗi sunanku, ku jira amsa.