Wasan Kwaikwayon Tallafi: An Ƙirga 'Yan Kallo, Wa Ya Auna Amfanin?

Duk wanda ya taɓa halartar wasan faɗakarwa da wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsa, a ƙofar gidan mai unguwa ko a filin firamare, ya san takardar nan da ke zagawa kafin a watse. Suna, unguwa, lambar waya, mace ko namiji, sai sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. A ɗauki hoto ta ɓangaren da ya fi cika, a tabbata ƙyallen da ke ɗauke da tambarin masu tallafi ya fito sosai, a raba kuɗin mota. Bayan wata uku rahoto ya isa Abuja yana cewa saƙo ya kai ga mutum dubu kaza. Mafi yawan abin da ake kira auna tasirin ayyukan fasaha da al'adu na tallafi a ƙasar Hausa iyakarsa ke nan, kuma ba ya gaya wa kowa ko wasan ya amfani garin.

Amfani da wasa don isar da saƙo tsohon abu ne a Arewa. Tun zamanin Turawa motar majigi ke shiga ƙauyuka, har yau dattawa na tuna fim ɗin Baban Larai. Daga tsakiyar shekarun 1970 malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Michael Etherton da Brian Crow, daga baya Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma, su ji abin da ke damunsu, a gina wasa a kai. A wancan salon tattaunawar da ke biyo bayan wasan ita ce ribar. Abin da ya sauya daga baya shi ne mai biyan kuɗin, da irin tambayar da yake yi.

Jadawalin nan na manufa da sakamako da ma'auni, wanda kowane mai neman tallafi ke cikewa a yau, an ƙirƙiro shi ne domin hukumar USAID ta Amurka a 1969, kuma ya fi dacewa da aikin da ake iya ƙirgawa: rijiya nawa, allura nawa, aji nawa. Yarjejeniyar Paris ta 2005 kan ingancin tallafi ta ƙara ɗaure ƙasashe masu bayarwa da nuna sakamako. Dalilinsu ba na banza ba ne. Jami'in da ke London ko Washington kuɗin harajin mutanensa yake kashewa, majalisa za ta tambaye shi, kuma a gabanta lamba ta fi labari ƙarfi. Mu ma nan mun ba su hujja, don an sha ganin ƙungiyar da ofishinta ke cikin jakar shugabanta, an sha rubuta taron da ba a yi ba. Sai dai da aka ɗora wannan ma'auni a kan waƙa da wasa da fim, aka zaɓi abin da ya fi arha wajen ƙirgawa, wato kawuna. Dalili na uku kuma ba a cika faɗarsa ba: yawancin kuɗin da ke shigowa harkar fasaha a Arewa ba don fasahar ake ba da shi ba. Kuɗin lafiya ne, ko na zaman lafiya, ko na ilimin mata. Ɗan wasa ɗan aike ne kawai, don haka saƙon ake aunawa, ba wasan ba.

Wannan ya bar tabo a kan aikin kansa. Marubucin da aka ba kwangila yakan karɓi jerin saƙonni kafin ya san sunan jaruminsa: a ambaci awon ciki, a ambaci gidan sauro, a nuna miji ya amince. Shi ya sa wasannin suka yi kama da juna. Akwai miji mai taurin kai, akwai uwar miji mai zuga, akwai malamar asibiti da ba ta taɓa yin kuskure ko tsawa ba, sai a kashi na ƙarshe kowa ya gane gaskiya. Masu kallo ba yara ba ne. Tun a minti biyar na farko wani zai ce, "wannan na 'yan ƙungiya ne," ya ci gaba da hirarsa. Haka kuma abin da ba ya shiga jadawali ba ya samun kuɗi. Da wuya ka ji an tallafa wa mai kukuma ko mai gurmi ya koyar da yara uku na tsawon shekara biyar, domin uku lamba ce mai kunya a rahoto, alhali bitar kwana biyu a otal da mutum ɗari tana cika shafi.

Ko inda aka wuce ƙirgen kawuna aka koma tambayar mutane, akwai rami. Ƙungiyar Population Media Center ta watsa wasan Gugar Goge a rediyo daga 2006 kan yoyon fitsari, sannan Ruwan Dare daga 2007 zuwa 2009 a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Ta ba da rahoton cewa kusan biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya a asibitocin da aka bibiya sun ambaci Ruwan Dare a matsayin abin da ya kawo su. Wannan ya nuna an saurari shirin, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma waɗanda suka riga suka zo asibiti aka tambaya, ba a ji ta bakin wadda ta saurara ta zauna a gida ba. Ga kuma kara da kunya irin tamu: baƙo ya zo da takarda da biro ya tambayi matar aure ko shirin ya amfane ta, wace ce za ta ce a'a?

Ba ina cewa a daina aunawa ba ne. Inda aka kashe kuɗi aka auna da gaske, sakamakon ya koyar da abin da rahoton yabon kai ba zai taɓa koyarwa ba. Masu bincike uku, ciki har da Abhijit Banerjee wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun gwada wasan talabijin na MTV Shuga a kan matasa kimanin 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya. Aka nuna wa wasu shirin, aka nuna wa wasu wani shiri daban, aka koma bayan wata takwas. Zuwa gwajin ƙanjamau ya kusan ninkawa a cikin waɗanda suka kalla, cutar sanyi ta kilamidiya ta ragu da fiye da rabi a tsakanin 'yan matan, amma amfani da kwaroron roba bai motsa ba. A Ruwanda, Elizabeth Paluck ta bi masu sauraron wasan rediyon sulhu na Musekeweya tsawon shekara guda. Ta tarar abin da kowa ya yi imani da shi a ransa bai sauya ba, amma yadda suke kallon abin da jama'a ke yarda da shi ya sauya, har sun fi iya faɗin saɓanin ra'ayi a cikin taro. A Burkina Faso, kamfen ɗin rediyo na Development Media International daga 2012 zuwa 2015 ya ƙara yawan yaran da ake kaiwa asibiti, amma binciken bai iya nuna raguwar mace-macen yara ba.

Duka ukun sun ce wasa yana aiki, amma ba a inda takardar neman tallafi ta yi alkawari ba, kuma ba gaba ɗaya ba. Matsalar ita ce irin wannan bincike ya fi ƙarfin ƙungiyar matasa ta unguwa, kuɗinsa kaɗai ya fi abin da ake ba ta sau da yawa. Sai aka wayi gari manyan ƙungiyoyin waje ke da hujja, ƙanana na gida kuma sai hoto da takardar sa hannu, don haka kuɗi ya ci gaba da bin manya.

Akwai ma'aunin da ba ya buƙatar farfesa, kuma shi ne aka fi gudu: me ya rage bayan kuɗin ya ƙare? Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ƙarƙashin ƙungiyar Equal Access da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da nufin rage tsattsauran ra'ayi. Ko ta rage shi, wannan abin muhawara ne. Abin da ba a musu a kai shi ne tashar ta koma kamfanin kasuwanci tana neman talla, shirinta na Daɗin Kowa ya zauna a gidajen mutane har jarumansa Kamaye da Adama suka zama sanannu, kuma salon shiri mai dogon zango ya bazu a Kannywood. Marubuta da masu ɗaukar hoto da masu tace sauti sun samu sana'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da takardar halarta za ta kama. A ɗaya gefen kuma, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, aka rufe USAID a Yuli, shirye-shiryen faɗakarwa da dama sun tsaya cak. Wanda jama'a suka yi kewarsa da wanda ba a ma lura ya tsaya ba, wannan bayani ne mai daraja, kuma kyauta yake ga duk sashen koyar da aikin jarida ko wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero ko ta Zariya da zai tura ɗalibai su tattara shi.

A ganina laifin bai tsaya kan masu tallafi ba. Hukumomin tarihi da al'adu na jihohinmu ba sa ajiye ko jerin ƙungiyoyin wasan da ke raye a ƙananan hukumominsu, balle su san wacce ta mutu da ƙarewar kwangila. Mai ba da tallafin da ke son sanin gaskiya ya ware wani kaso na kuɗin, ya aiko wanda ba ya cin albashin aikin ya dawo garin bayan shekara biyu, ya tambayi mai unguwa da matan gida da 'yan wasan kansu ko ƙungiyar na nan, ko ta yi wasa ko ɗaya ba da kuɗin kowa ba, ko kayan sautin da aka saya suna aiki. Kuma a buga amsar da Hausa, ko da ba ta yi daɗi ba, a karanta ta a gidan rediyon da mutanen garin ke saurare.