Rubutun Ƙawa: Inda Yake Fito da Kati da Inda Yake Ɓata Shi

Duk wanda ya taɓa karɓar katin ɗaurin aure ya san rubutun nan mai lanƙwasa da ake sa sunan ango da amarya da shi: haruffa sun kishingiɗa dama, kowanne ya kama na gabansa, jelarsu na kaɗawa sama da ƙasa. Ba alƙalami ne ya zana shi ba. Samfurin haruffa ne na kwamfuta da aka tsara don ya kwaikwayi hannun gwani.

Cikin fitattunsu akwai Zapfino, aikin Hermann Zapf, Bajamushen da aka haifa a Nuremberg a 1918. Tun 1944 ya zana tushen haruffan da hannunsa, amma sai a 1998 kamfanin Linotype ya fitar da su, daga baya Apple ya sa su a kwamfutocinsa. Sirrin kyansu shi ne harafi ɗaya yana da siffofi da dama. Hannun mutum ba ya maimaita "a" iri ɗaya sak, don haka kwamfuta ke duba abin da ke gaba da baya ta zaɓi siffar da ta dace. Layin da ya sauko ƙasa kauri gare shi, wanda ya hau sama siriri ne, yadda bakin alƙalami ke yi.

'Yan kasuwa sun daɗe da gane ƙarfin rubutu mai lanƙwasa. Tambarin Coca-Cola rubutun hannu ne irin na ofisoshin Amurka a ƙarni na 19, kuma har yau da shi ake gane kwalbar.

Sai dai wannan rubutu aikin wuyan riga ne, ba a ɗinka riga gaba ɗaya da shi. Ya dace da suna, da kan takardar shaida, da tambarin turare ko shagon ɗinki. Amma rana da lokaci da wurin taro suna buƙatar haruffa miƙaƙƙu, domin dattijo mai raunin ido ma gayyatarsa aka yi. Idan kuma aka jera manyan baƙaƙe zalla, sai su sarƙe, a kasa karantawa.

Mu Hausawa muna da ƙarin damuwa. Da yawa daga cikin waɗannan samfura ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Mai buga kati sai ya jefar da ƙugiyar, ko kwamfuta ta cusa wani baƙon harafi a tsakiyar kalma. Kafin ka biya kuɗi, ka ce a rubuta maka "ɗaurin aure" ka gani da idonka.

Gyara mai yiwuwa ne. Cibiyar SIL ta fitar da samfurin Alkalami na ajami bisa salon rubutun hannu na Kano. Ya kamata matasanmu masu zane a kwamfuta su zauna da gwanayen alƙalami, su yi wa boko irin wannan hidima, da ƙugiyoyinsa cif.